Wace jiha ce ta fi dacewa da mai son farautar ragon dutse?

Ɗan Damagaram, daga Columbus

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka zauna a yammacin Amurka ko a Kanada, musamman waɗanda suka taɓa hawa dutse da bindiga a kafaɗa. Shekarata 11 a jihar Ohio ina aikin jinya, kuma shekara 6 ke nan ina fita farautar barewa duk lokacin kaka. Bara muka ratsa Colorado da iyali, muka tsaya a gefen hanya kusa da garin Georgetown, sai na hangi raguna huɗu tsaye a kan wani gangare mai santsin tsakuwa. Babban cikinsu ƙahonsa ya nannaɗe har ya zo daidai idonsa, yana kallonmu ba tare da ya motsa ba. Tun daga ranar zancen farautar ragon dutse bai bar zuciyata ba.

Da na fara bincike sai na fahimci cewa wanda ba mazaunin jiha ba ne kusan ba shi da rabo, domin izinin da ake ware wa baƙi kaɗan ne, masu nema kuma dubbai ne, hayar ɗan jagora kuwa ta fi ƙarfin albashina. Aikina ana nemansa a kowace jiha, saboda haka ƙaura ba za ta gagare ni ba. Shekaruna 38, ina da uwargida da yara uku, babbar tana aji biyar na firamare. Ba ƙaho mafi girma nake nema ba. Burina shi ne in hau dutsen da ƙafata fiye da sau ɗaya a rayuwa, in sauko da nama gida idan Allah ya ba da sa'a. Wace jiha za ku ba ni shawarar komawa, kuma me ya kamata in sani kafin in ɗaure kaya?

Mazaunin Fairbanks

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan abin da kake so shi ne ka hau dutse duk shekara, to a cikin Amurka amsar ɗaya ce, Alaska. A nan mazaunin jiha yana sayen lasisin farauta a kan dala 45, ya karɓi takardar farautar farin ragon da ake kira Dall kyauta, ya shiga yawancin duwatsun jihar ba tare da jiran ƙuri'ar da ake jefawa don raba izini ba. Lokacin farautar yana buɗewa ranar 10 ga Agusta, ya rufe ranar 20 ga Satumba. Baƙo kuwa sai ya biya dala 850 kuɗin alamar rago kaɗai, kuma doka ta tilasta masa ɗaukar ɗan jagora mai rajista, wanda kuɗinsa yakan haura dala 25,000, sai fa idan yana da ɗan'uwa na kusa mazaunin jihar, kamar uba ko ɗa ko wa ko ƙane ko suruki, da zai raka shi. Kafin a lissafa ka a mazauni sai ka yi wata 12 a jere a jihar da niyyar zama, ba ka kuma karɓar wata alfarma ta mazauni a wata jiha. Ma'ana, idan ka iso a ƙarshen watan Satumba, farautar shekara mai zuwa ma ta wuce ka, don haka ka tsara isowarka kafin ƙarshen Yuli.

Amma ina so ka ji ɗaya ɓangaren da kyau, domin takarda ce kawai ƙaura za ta ba ka, ba rago ba. A yawancin yankuna ragon da doka ta yarda a harba shi ne wanda ƙahonsa ya cika da'ira, ko wanda bakin ƙahonsa biyu suka karye, ko wanda ya kai shekara 8 bisa ƙidayar zoben da ke jikin ƙahon. Irin wannan rago kaɗan ne a kowane garke, kuma ya ƙara ƙaranci a 'yan shekarun nan, saboda hunturu mai tsanani da ruwan sama da ke sauka a kan dusar ƙanƙara ya daskare ya rufe ciyawa sun kashe 'yan raguna da yawa. Ɗan ragon da ya mutu bana shi ne babban ragon da ba za a gani ba nan da shekara 8. Wannan ya sa an taƙaita farauta a wasu yankuna, kuma dole mutum ya karanta littafin dokoki na kowace shekara tun daga farko.

Fitata ta uku ce ta koya mini darajar haƙuri. Mun yi kwana biyu muna tafiya a ƙafa cikin tsaunukan Alaska Range, muka yi wasu kwana huɗu a tanti hazo ya rufe ko'ina. Ranar da gari ya washe muka sami rago ɗaya a kwance a kan wani tudu. Na kwanta rub da ciki a kan tsakuwa mai sanyi kusan awa uku, idona a madubin hangen nesa, ina jiran ya juya kansa daidai yadda zan ga ko bakin ƙahon ya kammala zagaye. Na ƙirga zobe bakwai a fili, na takwas kuwa ban tabbatar ba, ko zobe ne ko tsaguwa. Na naɗe kayana muka sauko hannu rabbana. Dalili shi ne dole a kai ƙahon ofishin hukumar kifi da namun daji cikin kwana 30 a auna a sa masa hatimi, kuma idan bai cika ba za a ƙwace ƙaho da nama, mutum ya fuskanci tara. Sai a fita ta biyar na sami rago, kuma saukowa da nama da ƙaho da tanti a baya, nauyin da ya kusa kilo 45, ta fi hawan wuya nesa ba kusa ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ka sani kuma barin nama a daji babban laifi ne a nan, dole ka kwaso shi duka.

Inda za ka zauna a cikin jihar ma yana da tasiri. Duwatsun Chugach da ke bayan Anchorage yawancinsu sai da ƙuri'a, haka yankin Tok da na Delta, kuma ana shiga ƙuri'ar daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Disamba. Daga Fairbanks mutum yana iya bin hanyar Dalton zuwa tsaunukan Brooks, amma mil biyar a kowane gefen hanyar sai da baka da kibiya, mai bindiga sai ya taka ya wuce wannan iyaka. Wuraren da mota ke kaiwa cike suke da mafarauta, masu nisa kuma sai ƙaramin jirgin sama, wanda kuɗinsa dubban daloli ne, kuma doka ta hana farauta a ranar da mutum ya sauka daga jirgin sai bayan ƙarfe 3 na dare. Akwai kuma dokar tarayya ta 1980 da ta ba mazauna karkara fifiko wajen farautar abinci, ta yadda mutumin Glennallen ko Tok yana iya shiga sassan gandun Wrangell-St. Elias da aka hana mutumin Anchorage ko Fairbanks. Ma'aikacin jinya yana iya samun aiki a irin waɗannan ƙananan garuruwa, sai dai zama ne da ke buƙatar iyali masu juriya ƙwarai.

Malam na Billings

Abin da Yaya na Fairbanks ya faɗa gaskiya ne, ni dai zan yi magana a kan sauran jihohin, domin mutane da yawa suna ƙaura zuwa Montana ko Wyoming da zaton sun kusa samun izini, alhali ƙuri'a ce kawai suka ɗan gyara wa kansu. Ragon nan mai babban ƙaho da ka gani a Colorado ya kusa ƙarewa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yawansa ya sauka zuwa kimanin 25,000, kuma duk da aikin dasa garkuna da aka yi shekara da shekaru bai wuce kimanin 85,000 ba a yau. Babban abin da ke hana shi yawaita ciwon huhu ne da yake ɗauka daga tumakin gida, wanda yakan kashe manya ya kuma ci gaba da kashe 'ya'ya shekaru bayan haka. Shi ya sa izini yake da tsada haka. A 2013 an yi gwanjon izini ɗaya na Montana a kan dala 480,000.

Ga yadda nake kallon jihohin ga mai shekara 38 da ba shi da maki ko ɗaya, wato makin da mutum yake tarawa shekara bayan shekara yana neman izini bai samu ba. Wyoming ta gyara dokarta, daga 2023 kashi 90 cikin 100 na izinin rago na 'yan jiha ne, amma kashi uku cikin huɗu na izinin yana tafiya ne ga masu maki mafi yawa, kuma akwai waɗanda suke tara maki tun tsakiyar shekarun 1990. Ba za ka cim musu ba, rabonka yana cikin ragowar kashi ɗayan da ake jefa wa ƙuri'a ba tare da duba maki ba, kuma idan ka samu sau ɗaya ke nan a rayuwa. Montana da Nevada suna ninka makin mutum da kansa, wato mai maki 20 sunansa yana shiga kusan sau 400, naka kuwa sau ɗaya. Idaho da New Mexico ba su da tsarin maki sam, kowa daidai yake da kowa duk shekara, kuma a ganina wannan ya fi yi wa sabon shiga adalci. Idaho ta ƙara da cewa wanda ya nemi rago ba zai shiga ƙuri'ar barewa da wasu manyan namun daji a shekarar ba, abin da ke rage masu nema, kuma wata 6 ya isa a zama ɗan jiha. Yankunan dajin Frank Church, wajen kogin Salmon, sun fi sauƙin samu saboda wahalar shigarsu. Duk da haka mutum yana iya shekara 20 yana nema bai samu ba.

Abu ɗaya da Montana take da shi wanda babu a sauran jihohin Amurka da ke kudu da iyakar Kanada shi ne 'yan yankuna kaɗan a arewacin gandun Yellowstone, wajen tsaunukan Absaroka da Beartooth, inda duk wanda ya nema ake ba shi izini. An ƙayyade adadin ragunan da za a harba, sau da yawa biyu ko uku a yanki, kuma da zarar an cika sai a rufe cikin ɗan gajeren lokaci. Ɗan jiha yana biyan dala 125, baƙo dala 1,250. Na shiga sau huɗu, ban harba ko sau ɗaya ba, sau ɗaya ma kawai na ga ragon da ya cika sharaɗi, yana can ƙetaren wani kwazazzabo da zai ci mini yini guda kafin in tsallaka. Wurin yana da tsayi fiye da mita 3,000, dusar ƙanƙara tana sauka tun Satumba, kuma beyar mai hatsari tana yawo a ciki, dole abinci ya kwana a rataye nesa da tanti. Amfanin zama a Billings ko Bozeman shi ne mutum ya yi rani yana leƙa wurin duk ƙarshen mako har ya san inda ragunan suke kiwo. Amma tunda baƙo ma yana iya sayen wannan izini, shawarata ita ce ka gwada shi daga Ohio shekara ɗaya, ka ga ko gwiwarka da huhunka sun yarda da abin da zuciyarka take so, kafin ka tumɓuke iyali.

Game da Kanada, mazaunin Alberta yana sayen izinin rago mai babban ƙaho kai tsaye, mazaunin British Columbia kuma yana farautar wani nau'in ragon dutse da ake kira Stone a arewacin lardin daga 1 ga Agusta ba tare da ƙuri'a ba. Dama ce mai kyau ƙwarai, sai dai ga wanda takardunsa na Amurka ne, wannan sabuwar hijira ce gaba ɗaya, da sabon izinin zama da sabon lasisin aiki da na riƙe bindiga.

Maman Yara, Anchorage

Malam, ka yi haƙuri in sa baki, domin maigidana yana wannan farauta kuma mun yi shekara 9 a nan. Lokacin farauta kwana 42 ne, a ciki ma maigida bai taɓa samun hutun da ya wuce kwana 12 ba, sauran shekarar kuwa iyali ne suke zaune da garin. A watan Disamba rana takan yi kimanin awa biyar da rabi a Anchorage, a Fairbanks ba ta kai awa huɗu ba, kuma sanyin can yana kaiwa 40 ƙasa da sifili. Yara suna tafiya makaranta cikin duhu su dawo rana tana faɗuwa. Shekararmu ta farko na sha kuka a ɗaki ba tare da na san dalili ba, sai daga baya na gane rashin hasken rana ne da rashin mutane. Kayan abinci sun fi tsada, kuma zuwa gida ganin iyaye tafiya ce ta jirgi uku ko huɗu.

Akwai kuma alheri, kada in rage wa garin haƙƙinsa. Jihar ba ta karɓar harajin albashi, kuma kowane mazauni, har jariri, yana samun rabon shekara daga asusun man fetur. Anchorage tana da masallaci da jama'a daga ƙasashe da yawa, yara suna samun karatun addini, abin da ba za ka samu a ƙananan garuruwan da aka ambata ba. A wurina wannan ya fi kusancin dutse muhimmanci, shi ya sa muka ƙi komawa karkara duk da fifikon farautar da ake ba mutanen can.

Abin da nake roƙonka shi ne ka zo da uwargida a watan Janairu, ba a watan Yuli ba, ku yi mako guda, gani ya kori ji. Ka kuma sayi na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan Adam kafin ka sayi sabuwar bindiga. Akwai shekarar da jirgin da zai ɗauko maigida ya makara kwana uku saboda iska, ba waya, ba labari, ina zaune da yara ina yi musu murmushi zuciyata kuwa tana wani wuri.

Ɗan Agadas, El Paso

Ɗan'uwa, tunda daga Damagaram kake, wataƙila ka taɓa jin dattawa suna zancen ragon dutsen Abzin, mai jan gashi da dogon gemu da ke sauka daga maƙogwaro har ƙafafun gaba. Wannan dabbar tana nan a Amurka. An sake ta a New Mexico a 1950, a kwarin Palo Duro na Texas kuma a 1957 da 1958, ta yaɗu a duwatsun hamada har ta yi yawa, yayin da a gida ta ragu ƙwarai har tana cikin dabbobin da gandun Ayar da Tenere yake karewa tun 1988. A nan suna kiranta aoudad. Masana sun ce ba tunkiya ce ta ainihi ba, tana tsakanin tunkiya da akuya, kuma masu tara ƙahon nau'o'in ragon dutse huɗu na Arewacin Amurka ba sa lissafa ta. Amma kai ka ce hawan dutse kake so da nama, kuma wannan farauta tana da duka biyun, ga idon dabbar da kaifi, ga ta da wuyar kusanta.

A Texas babu lokacin rufewa kuma babu iyakar adadi, sai dai kusan duk ƙasar jihar mallakar mutane ce, dole ka biya mai gona, kuma kuɗin babban rago dubban daloli ne. New Mexico ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, domin tana da filin gwamnati mai faɗi a kudu maso gabas, ana ware wa 'yan jiha kashi 84 cikin 100 na izinin ƙuri'a, kuma samun na wannan dabba ya fi na mai babban ƙaho sauƙi ƙwarai. Hukumomi ma suna son a rage ta, saboda tana gasa da rago mai babban ƙaho na hamada, wanda shi ne ɗan asalin wurin, a kan ruwa da kiwo, tana kuma ɗauke da ƙwayar ciwon huhun da Malam ya ambata. Mutum yana zaune a Las Cruces ko Roswell, yana farautar wannan kusan duk shekara, yana kuma jefa sunansa a ƙuri'ar mai babban ƙaho wadda ba ta da maki. Naman tsohon rago yana da tauri, gaskiya ne, amma mu da muka san kilishi da dogon dahuwa ba mu taɓa zubar da shi ba. Yanayin wurin kuma, zafi da bushewa da sanyin hunturu, iyalinka ba za su ji shi baƙo ba.

Ɗan Damagaram, daga Columbus

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa uwargida amsoshin duka, kuma maganar Hajiya ta Anchorage ce ta fi tsaya mata a rai, ta ce ta yarda mu je a Janairu mu gani da idonmu. Kafin nan zan bi shawarar Malam na Billings, in nemi izinin Montana na bana a matsayin baƙo, kuma na riga na fara hawa matakalar asibiti da jaka mai kilo 20 bayan tashi daga aiki. New Mexico ban taɓa sa ta a lissafi ba sai yau, alhali kakana ya sha ba mu labarin wannan rago, don haka zan duba yadda ake mayar da lasisin jinya can da kuma Alaska. Yaya na Fairbanks, ina da sauran tambaya ɗaya. A shekarar farko da mutum ba shi da ikon harbi, ana yarda ya bi wani mafarauci a matsayin mai ɗaukar kaya don ya koyi ƙidayar zoben ƙaho? Idan ana yarda, ina so in fara da wannan.